Rumbun Bappa Jibir

Ranar Asabar muka taso daga Gombe,
mu goma sha tara a bas ɗin haya,
kowa ya jefa dubu biyu a kwanon ƙungiya,
wai kuɗin gyaran rumbunan ƙauye.
Hanyar Dukku ta girgiza mu har Malala,
muka sauka ƙafa na tsami,
muna gyara hula, muna neman inuwa.

Dada Yelwa ce ta shige gaba,
sanda a hannu, goro a kunci.
Ta bi da mu ta gonar Ardo Sambo
inda kaura ta sunkuyar da kai
kamar mai sauraron gulma,
wake ya kama ƙafarta ya hau,
riɗi na tsaye a jingine yana shan rana.
Bijimai biyu na kwance kusa da garma,
ko kallo ba mu ishe su ba.

Sai ga su a bayan gari, su bakwai,
masu tumbi, masu hular ciyawa,
kowane na zaune a kan duwatsu
don kada gara ta san hanya.
Wata yarinya ta zagaya ɗaya sau biyu,
ta ce, Baba, ina ƙofar?
Dada ta nuna sama da haɓa:
Ƙofar abinci ba ta ƙasa, 'yar nan,
sai an hau tsani.

Ta ce wannan ya girmi kwalta.
Shekarar da fara ta rufe rana
shi ya riƙe gida uku har faɗuwar ruwa.
Toka a gindi, ganyen maina a tsakani,
zangarniya kan zangarniya,
iri a can ƙasa, ba mai taɓawa
ko da yara sun kwana da ruwan zafi.

Muka ɗaga wayoyi.
Wani ya jingina, a ɗauke shi yana murmushi,
wani ya tambaya ko za a sa allo da suna.

Bappa Jibir na kan turmi a kife
yana yanta, igiya a yatsan ƙafa.
Bai ɗago ba ya ce:
Na ji kun zo da kuɗi, madalla.
Za mu sayi makuba, mu yaɓe tsaga.
Amma rumbu ba ruwan sama ke ka da shi ba,
yunwa ce.
Ku bar shi fanko damina biyu
ku ga yadda zai durƙusa.
Da dami ake gaishe shi.

Ba wanda ya ce uffan.
Wayoyi suka koma aljihu ɗaya bayan ɗaya.

Na ƙarshen layi ban so dubawa ba.
Jinka ta zame, ciki ya tsage,
kaza ta yi ƙwai inda gero ke kwana.
A wuyansa akwai sawun hannu a laka,
yatsa huɗu da rabi.
Na san wanda lauje ya ci wa rabin.
Na ɗora nawa a kai,
tafin da biro ya lausasa,
bai cika gurbin ba.

Dada ta ce, ai ka gane shi.
Gonar ma tana nan, gamba ta cinye.

Direba ya yi ham, ya sake yi.
A gefe samari sun jiƙa ƙasa,
sun zuba ciyawa suna takawa.
Na tuɓe takalmi, na naɗe wando.
Lakar da sanyi, ta kama ni har idon sawu.
Na ce wa na bas ɗin su yi gaba,
akwai motar kasuwa gobe.

Bappa Jibir ya miƙo mini igiya,
ya ce, fara da riƙe wannan.